Ranar da Aka Buɗe wa Imoro Hanya

Yau 'yan sanda suka tsayar da motoci a garin Greenbelt na Amurka domin maƙwabcina Imoro ya wuce.

Abin da ya daɗe yana roƙo ke nan. Tun da ya sayi sabon samfurin motar nan mai ƙarfin doki ɗari biyar, bai bar ta yadda kamfani ya ƙera ta ba. Ya sauya mata salansa, ya cire abin da ke taƙaita gudunta.

"Baba, cunkoson babban titin Beltway ne ya hana ku ganin aikin yarinyar nan," yakan ce mini. "A buɗe mini hanya sau ɗaya tak!"

Jiya ya shiga ƙarƙashinta zai ɗaura sabon bututu. Matarsa Wasilatu ta leƙo.

"Baban Farhana, jak ɗaya ne ya ɗaga motar? Ka jira makaniki mana."

"Hannun wani ba zai taɓa ta ba."

To, yau hanya ta buɗe fetal. Ƙaninsa ne ke tuƙa motar, fitilu a kunne, a hankali kamar mai tafiya ƙasa. Jiya jak ɗin ya zame, motar ta faɗo masa. Imoro yana motar gaba, cikin likkafani, kuma har maƙabarta babu wanda ya wuce shi.