Buhun da Na Ɗaure

Kyanwar gidanmu a Turba ta girme ni. Wata huɗu ta yi tana ciwo, gashinta ya zube, ko kunu ba ta iya lasa sai na ɗiga mata a baki.

Wata rana bayan azahar Baba ya fito da tsohon buhun gero.

"Sa ta ciki," ya ce. "Za ni kai ta garin Isa, wurin likitan dabbobi."

Ba ta barin kowa ya taɓa ta sai ni. Na ɗauke ta, ba ta da nauyin komai, na sa ta ciki. Sai da ta lashi yatsana sannan na ɗaure bakin.

Kafin a kira la'asar Baba ya dawo. Ko ni yarinya na san keke ba ya zuwa Isa ya dawo haka. Buhun yana naɗe a bayan keken, jiƙe sharkaf, yana warin lakar gulbi.

"Baba, ina mussata?"

"Shanya buhun ga, gobe za a zuba gero."

Na shanya shi. Baba ya rasu tuni, ina yi masa addu'a kullum. Amma har yau ban yafe masa ba da ya sa ni na ɗaure buhun nan da hannuna.