Kajin Raihana Sun Daina Ci

Kajin Raihana sun daina cinye abincinsu. A da, kafin azahar sun share kwano tas. Yanzu rabi ke kwana, ya dunƙule yana ƙyalli, ƙudaje na binsa. Ƙwai ya ja baya. Sai kuma suka shiga tsigar gashin juna har jini.

Kaji ɗari uku ne, a bayan gidan mahaifinta Malam Sharif, tsohon mahauci a kasuwar Garwa. Da su take ci, da su take biyan makarantar 'ya'yanta.

Ta kira Eugène, likitan dabbobi. Ya murza abincin a yatsa, ya shinshina.

"Madam, kina zuba mai a ciki? In abinci ya yi maiƙo, kaɗan kaza za ta ci ta ƙoshi. Waken soya da garin kifin da ke gina ƙwai ba za su ishe ta ba."

"Wallahi ko ɗigo! Ni nake haɗawa da hannuna."

Ya goge yatsunsa. "To in ba abinci ba ne, ciwo ne."

Maganar nan ta fita unguwa, kafin ta kai bakin titi ta zama annoba. Maƙwabta masu kiwo suka daina amsa sallamarta, ana ta batun kai ƙara. Wata safiya aka tsinci kaji biyu a mace, 'yan'uwansu sun yi musu kaca-kaca. Karnuka kuwa kullum suna gindin katanga, ko an kore su sai sun dawo.

Tsoro ya cika Raihana. Ba ta gaya wa Baba komai ba, mutum mai hawan jini, ina amfani? Ta jira ya tafi Ngawundere duba ƙaninsa, ta sa aka haƙa rami, aka kashe kajin aka binne. Ba a bar ko ɗaya ba. Ranar ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Washegari bayan asuba, lokacin da ta saba fita kai ƙwai kasuwa, tana zaune a ƙofar ɗakin kajin, ɗakin shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai ta ji jan takalmi. Baba ne, ashe ya dawo, rungume da tukunya tana tururi.

"Af, Raihana, yau ba ki fita ba? To kin kama ni," in ji shi yana dariya. "Matsa in zuba musu narkakken kitsen nan yadda na saba, kin bar bayin Allah duk sun rame."