Takwarar Hansatu a Bakin Teku

Tun da aka kafa dokar, ba a yanka ragon suna sai an ɗauki nauyin ɗaya daga tsuntsayen bakin teku da suka kusa ƙarewa, a sa masa sunan jaririn. Inna Tabawa da kanta ta kai kuɗin barkar jikarta Hansatu ofishin unguwa.

Ma'aikacin ya nuna mata wata 'yar mitsitsiyar tsuntsuwa a allo, mai dogayen ƙafafu, tana caccakar laka.

"Ga takwararta, Inna. Sai dai bana ƙyanƙyasa ta yi ƙaranci, jarirai tara ne a kanta."

Tabawa ta daɗe tana kallonta, sannan ta yi murmushi.

"To, ba ni gidajen sauran takwas ɗin, ɗan nan, in kai musu naman suna. Ai mun zama dangi."