Ranar da Aka Ɗauko Likita

Mai tsaron gida ya zube ƙasa yana ihu, Likita ya suri jakarsa ya ruga cikin filin ƙwallo.

Yau ce jarrabawarsa ta ƙarshe a horon kula da yara 'yan wasa. Farfesa na zaune a bakin fili, tana jira ta ga yadda zai duba wanda ya ji ciwo. In bai ci ba, sai ya maimaita shekara.

Kullum yana gargaɗin yaran kada kowa ya yi gudu bai motsa jiki ba. Shi kuwa tun safe yake zaune. Bai kai tsakiyar fili ba cinyarsa ta riƙe, ya kife.

Mai tsaron gida ya miƙe garau. Dama ƙwallo ce ta wuce shi, yake ɓoye kunya.

"Kada ku ɗaga shi!" in ji ƙaramin kyaftin. "Kawu Likita, ina ke ciwo? Nuna da yatsa."

"Ku bar ni, ja'irai! Ni ne likitan!"

"Kai ka ce majinyaci ba ya gardama. A kawo ƙanƙara!"

Suka sa ƙanƙara, suka naɗe cinyar, suka kinkimo shi a gadon ɗaukar majinyata, suka dire shi gaban Farfesa. Ya rufe fuska da hannu.

Farfesa ta duba naɗin da kyau. "Wa ya koya muku wannan?"

Duk yatsu suka nuna gadon.

"Ka ci," ta ce. "Amma gobe tare da su za ka motsa jiki."