Hedimasta Zai Je Gasar Golf

Hedimasta ya shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci, ya danne gefenta da kwalbar maganin tari, ya ja jan layi daga filin jirgi zuwa filin golf. Kwana uku kacal ya tsara: ya sauka, ya buga, ya karɓi kofi, ya dawo.

Wasiƙar gayyatar tana aljihun rigarsa, har ta yi laushi don yawan buɗewa. Wani kwamiti ne a ƙasar waje ya ji labarinsa, ya kira shi gasa, tikiti da masauki duk a wuyansu. Shekara shida ke nan tun da ya yi ritaya yake hawa rufin gidansa kullum da hantsi, ya jera ƙwallo ashirin, ya yi ta zabga musu sanda gabas da yamma. Filin golf kam bai taɓa takawa ba, a talabijin ya koya. Bai kuma taɓa bin ƙwallo da ido ba, don ya ji an ce gwani ba ya ɗaga kai. Yadda labarinsa ya ƙetare teku bai dame shi ba. Yanzu dai masu ce masa tsufa ne ya taɓa shi za su ji kunya.

Mai aski ne ya fara leƙowa, da filasta a goshi. Mutanen layin nan, in ji Hedimasta a ransa, ba sa duba gabansu in suna tafiya.

"Haba Malam, kwana uku?" in ji mai aski. "Ka je har can ba ka ga dutsen nan mai aman wuta ba? Ai sai a yi mana dariya."

Aka ƙara kwana huɗu.

Tela ya kawo wando biyu kyauta, sanye da hular kwanonsa, shi da ko keke ba shi da shi. Ya ce akwai wata gada mai tsawon gaske, kuma ba a jin daɗinta sai an taka ta a ƙafa, zuwa da dawowa. Mai kemis ya ce ya ji labarin gidan tarihin cokula, wanda ba a gama kallonsa a mako guda. Maman yara, wadda ba ta fitowa shanya sai rana ta take, ta karɓi jan biron da kanta ta zagaye wani tsibiri da jirgin ruwa ke zuwa sau ɗaya a wata.

Kafin mako ya zagayo taswira ta yi jawur, kwana uku sun zama mako tara. Hedimasta baki har kunne. Wallahi bai san ana ƙaunarsa haka ba.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, mai sayar da gilashin taga na bakin layi, wanda kwanan nan ya buɗe shago na biyu. Ya tare Hedimasta a ƙofar gida, ido ya yi ja.

"Malam, jirgin sama fa ba shi da inda zai raɓe in ya lalace," ya ce. "Kuma in ka tafi, ni na shiga uku."

Maganar ta tsaya wa Hedimasta a rai. Bai taɓa hawa abin da ya fi rufin gidansa tsayi ba. Ya kwana biyu yana kallon akwati, ran na uku ya naɗe taswira ya ce ya fasa.

Tabɗi! Cikin minti goma falo ya cika har bakin ƙofa. Mai aski ya durƙusa da gwiwa biyu. Tela ya rantse zai goya shi har cikin jirgi. Mai kemis ya zube maganin jiri a kan tebur, ya ce kyauta ne. Maman yara kuwa ta fashe da kuka, kuka na gaske, irin wanda bai gani ba tun ranar da aka kawo ta.

"Baban yara, ka rufa mana asiri ka tafi," ta ce. "Damar nan ba za mu iya... ba za ta sake samuwa ba."

Shi ma sai da ya share ƙwalla. Wane irin mutum ne zai watsa wa jama'a irin wannan ƙasa a ido? Ya sake shimfiɗa taswira.

Ranar tafiya mota shida suka raka shi. Ba wanda ya juya sai da suka ga ya shige ciki da jakar sandunansa.

Ma'aikaciyar jirgi ta karɓi fasfo, ta danna na'ura, ta ɗan tsura wa allon ido.

"Baba, masu sayen tikitin sun bar saƙo," ta ce. "Wai ko ka roƙa, kada a matso da ranar dawowarka ko da kwana ɗaya."

"Kwamitin gasa ke nan," in ji Hedimasta yana gyara wuyan riga, da ƙarfi don na bayansa su ji. "Ba sa son su rabu da ni."

"Gasa? Ni dai ba haka aka rubuta ba."

Ta juyo masa da allon. Ya laluba tabarau ya saka, ya bi layin da yatsa kamar yadda yake duba jarrabawa a da. A gurbin mai saye an rubuta Ƙungiyar Waɗanda Ƙwallon Hedimasta Ya Fasa Wa Kai, a ƙasa kuma, inda shugabar ƙungiya ta sa hannu, sunan matarsa ne.