Wasiyyar Mai Gonar Dabino

Ajiye takardar sammacin nan tukuna, Tasi'u, kotu ba guduwa za ta yi ba. Kafin ka kai ƙanwarka gaban alƙali a kan shagon mahaifinku, bari in ba ka wani misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani manomi mai gonar dabino, bishiya arba'in da 'yan kai. Ya auri bazawara da ɗanta na goye, ya riƙe agolan nan kamar shi ya haife shi, daga baya ta haifa masa maza biyu. Su biyun suka yi boko suka tare a birni, nasu dai a aika musu buhu in an yi girbi. Agolan kuwa a gindin dabino ya yi furfura, shekara talatin yana hawa, ƙaya ta gama zane masa hannu. To, dabino ba ya haihuwa haka kawai. A duk gonar namiji ɗaya ne, can a kusurwa ta bakin hanya, ko ƙwaya ɗaya bai taɓa yi ba. Amma in lokaci ya yi, furensa ake yankowa a hau kowace mace a ɗaura mata, shi ake kira barbara. Kwanaki ne ƙalilan, in suka wuce shekarar ta wuce. Da tsohon ya ji jiki ya ƙi, sai ya kira shaidu biyu ya yi wasiyya. Agola ba ya gado, wannan kowa ya sani, amma kusurwar nan da namijin dabinon ya ce ya ba shi, kuma ko kusa da sulusin dukiya ba ta kai ba. Dabara ce ya yi don ya ɗaure su da igiya ɗaya: su da mata, shi da namiji, ba mai ci sai da ɗan'uwansa. Kuskurensa ɗaya, bai faɗa musu dalili ba. Ya ɗauka ɗan mai dabino ba sai an yi masa bayani ba.

Da ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba 'yan birnin nan biyu suka shigar da ƙara. Wai tsoho ya ruɗe, wai agola ne ya juya shi, wai filin bakin hanya ai shi ne idon gonar. Alƙali ya ce kada kowa ya taka wurin sai an yanke hukunci. Lokacin barbara ya zo, agolan ya tsaya a bayan shinge yana kallon fure yana bushewa. Ya roƙi a bar shi ya hau ko kwana uku ne, ladan ma ba ya so, lauyansu ya ce wayo ne na kafa hujja. Haka shekara ta bi shekara, yau a ɗaga, gobe a ɗaukaka ƙara. Shaida ɗaya ya rasu, ɗayan ya gaji da zirga-zirga ya ce shi fa bai tuna ba. Har uwarsu aka ɗauko, tsohuwa mai dogara sanda, aka zaunar da ita tana ji ɗan da ta haifa yana kiran ɗan da ta haifa ɓarawo. Da alƙali ya tambaye ta, cewa ta yi: "Ranka ya daɗe, nono ɗaya suka sha, wanne zan kayar?" Ba ta ga daminar gaba ba.

A shekara ta biyar 'yan birnin suka ci shari'a. Agola ya naɗe igiyar hawansa ya bar garin, ko sallama babu. Su kuma da suka shiga gonarsu, sai suka ga wata ƙatuwar bishiya da ba ta taɓa haihuwa ba ta tsare fili, suka sa aka sare ta aka yi azara. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai zuciyata ta yi baƙi. Shekara ta zagayo, dabino ya yi fure ya zubar, ɗan abin da ya kama ƙanana ne marasa ƙwallo, akuya ma shinshinawa take ta wuce. Maƙwabta masu namiji suka ce su ba sa taka gonar da aka kai uwa kotu a kanta. Sai babban ya ce ƙaramin ne ya ce a sare, ƙaramin ya ce ƙarya ne, suka koma gaban alƙali, wannan karon da junansu. Har yanzu suna can. Gonar tana nan tsaye, ganye kore shar, ba ta ciyar da kowa.

Kai yanzu shago kawai kake gani, Tasi'u. Amma mahaifiyarku tana da rai, kuma in ka miƙa takardar nan ita za a fara kira. Ai Hausawa sun gama magana: garin neman gira akan rasa ido.