Mayafin Istanbul

Tun da Hajiya Tasalla da mijinta suka sauka Istanbul hutu ranta yake a ɓace. A kasuwannin can an daina ciniki. Awarwaron da ake ɗaura wa baƙi ne ke auna bugun zuciya, iya son da kake wa kaya, iya tsadarsa.

Ta yafa wani mayafi, ta taɓe baki kamar tana Kantin Kwari. "Wannan ai tsumma ne."

Farashin ya ninka.

"Munafukin ƙarfe!" Ta juya wajen mijinta. "Alhaji, dube ni da kyau, kai za ka biya."

Ya kalle ta cikin mayafin, ya miƙa hannu a auna bugun tasa zuciyar. Farashin ya faɗi warwas.

"Kin ga mun ci riba," ya ce.

Har suka koma otal ba ta tanka masa ba.